Gona Ta Koma Daji: Ta Wace Hanya Za Mu Share Ta?



A yawon da muke yi cikin ƙauyuka, akwai tambaya ɗaya da manoma suke ta maimaita mana: "Gonata ta koma daji. In sa mata wuta ne, ko in fesa magani, ko mu haɗa kuɗi mu kira katafila?" Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. A 2021 da 2022 hare-haren 'yan bindiga sun kori iyalai da yawa daga ƙauyukansu, musamman a Danko-Wasagu da Sakaba, gonaki suka kwana damina bayan damina babu mai taɓa su. Akwai kuma gonakin da suka zama saura domin samari sun tafi birni ko aikin soja, tsofaffi kuwa ƙarfinsu ya ragu. Mutum ya koma ya tarar gamba ta fi shi tsawo, tofa ta mamaye gefen fadama, kalgo da marke sun yi toho ko'ina.

Wanda iyalinsa suke jiran abinci yana son hanya mafi sauri, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma abin da nake so mu riƙe a wannan darasi shi ne: shekarun da gonar ta yi tana hutawa ta tara mana dukiya iri biyu, wato baƙar ƙasa ta sama da kututturan itatuwa masu rai. Hanyar sharar da ta dace ita ce wadda za ta ba mu wurin shuka ba tare da ta hallaka waɗannan biyun ba.

Abin da hutu ya yi wa gonar

Sa'ad da gona ta huta, ganye da ciyawa suna faɗuwa suna ruɓewa. Gara da tana suna jan su cikin ƙasa, suna huda ƙananan ramuka waɗanda ruwan sama yake bi ya shiga. Saiwoyin itatuwa suna jawo abinci daga can ƙasa inda saiwar dawa ba ta kaiwa, su mayar da shi sama ta wurin ganyen da yake kaɗewa. Shi ya sa idan ka tona saura za ka ga ƙasar sama baƙa ce mai laushi, ta ƙasa kuwa ja ce mai tauri ko tsakuwa. A tuddanmu wannan baƙar ƙasa ba ta da kauri. Tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta taru, amma ruwan damina ɗaya yana iya kwashe ta idan an bar ta tsirara a kan gangare.

Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke barin gona ta huta. Abin da wahala ta tilasta mana, su da gangan suke yin sa.

Kafin ka ɗauki adda, zaga gonar

Ka ba da yini guda ka zaga gonar da ƙafa, kai da matarka da babban ɗanka, domin mata sun fi mu sanin itatuwan da suke kawo kuɗi da miya. Ku duba abubuwa biyar:

1. Iyaka. Ina itacen, ko dutsen, ko kunyar da ta raba ka da maƙwabci? Ku kira shi ku tabbatar tare, in da hali a gaban mai unguwa ko dattawa. Rigimar iyaka bayan an share ta fi sharar kanta tsada.

2. Abin da ya tsiro. Ciyawa ce kawai, ko tofa, ko toho daga kututture, ko manyan itatuwa? Kowanne da maganinsa.

3. Kwanciyar ƙasa. Ina gangare, ina ruwa yake bi, ina ya riga ya fara yanka rami?

4. Itatuwan da za a bari. Ku ɗaura musu tsumma tun yanzu domin 'yan ƙwadago su gani.

5. Ƙarfin gidanka. Eka nawa za ku iya nomewa sau biyu ko uku a damina? Kada ka share abin da ya fi haka. Ƙasar da aka buɗe aka kasa nomewa, tofa ce take gadonta.

Ku sa takalmin roba mai tsawo, ku riƙe sanda, gama saura gidan kububuwa ce da gamsheƙa. Wanda maciji ya sara, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. Gonar da take nesa kuwa, kada mutum ya tafi shi kaɗai, kuma a ji shawarar shugabannin gari game da tsaro tukuna.

Hanya ta ɗaya: wuta

Wuta ba ta neman kuɗi, kuma cikin yini guda ta gama. Tana korar macizai, tana kashe waɗansu ƙwari, tokarta kuma tana ɗan taimakon shuka a shekarar fari. Wannan gaskiya ce, shi ya sa muka saba da ita.

Ga abin da ido ba ya gani. Cikin abincin da shuka take bukata akwai sinadarin naitirojin, wanda shi ne muke saye da tsada a buhun yuriya. Idan ciyawa ta ƙone, yawancin wannan sinadari yana bin hayaƙi ya tafi. Abin da ya rage a toka kuwa, iskar bazara ta kwashe wani, ruwan farko ya wanke wani zuwa rafi. Ƙasa ta zauna tsirara, rana ta gasa ta, ta yi tauri, ruwa ya riƙa gudu a kanta maimakon ya shiga. Gonar da ake ƙonawa kowace shekara tana rasa ƙarfi, gonar da ta rasa ƙarfi kuwa ita ce wuta-wuta ta fi damun dawarta.

Wuta kuma ba ta kashe tofa. Jijiyar tofa tana can cikin ƙasa lafiya lau. Wuta ta share mata abokan gasa ne kawai, sai ta fito da sabon ƙarfi. Amma ƙananan kaɗanya da ɗorawa suna ƙonewa, manya kuma idan wutar ta same su suna fure, 'ya'yan shekarar sun ragu.

Ga kuma haɗarin gobara. Na taɓa zuwa wani ƙauye bayan wani bawan Allah ya sa wa saurarsa wuta da tsakar rana cikin watan Fabrairu. Iska ta juya, wutar ta tsallaka ta cinye karan da maƙwabcinsa ya tara domin shanu, da amya biyu, da rumbun da ke bakin gona. Mutanen nan biyu a benci ɗaya suke zama ran Lahadi. An fi shekara ana sulhu.

Idan dole sai an ƙona, kada a sake wa dukan gona wuta. A sare, a tara ƙaya da ciyawa mai cuta tsibi-tsibi nesa da gindin itatuwa, a share fili kewaye da kowane tsibi, a kuma share layi mai faɗi a bakin iyaka. A kunna da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, a sanar da maƙwabta, a tsaya da ɗanyen ganye da ruwa har wutar ta mutu sarai. Bayan haka a baza tokar cikin gona.

Hanya ta biyu: adda da gatari

Wannan ita ce hanyar da ta fi tausaya wa ƙasa, domin hannu yana zaɓe. Mai adda yana ganin kaɗanya ya kauce mata. Gamba da aka yanka ta zama jinka da zana, ko a sayar. Rassa sun zama itacen girki da shinge. Ganye da ƙananan ciyayi a bar su a shimfiɗe su rufe ƙasa, gara za ta mayar da su taki. A kan gangare a jera rassa da duwatsu a gicciye domin su tare ƙasar da ruwa zai ɗauka, kunya ma a yi ta a gicciye.

Matsalarta ita ce wahala da lokaci, kuɗin ƙwadago kuma ya hau. Amma mu a ƙasar Zuru ba baƙin aikin haɗin gwiwa ba ne. Mutanen da suka san golmo, inda saurayi da abokansa suke shekaru suna noma gonar surukai, ba sai an koya musu gayya ba. Gidaje goma za su iya yin jeri, yau a gonar wannan, jibi a gonar wancan, a sa gonakin gwauraye da tsofaffi a farkon jerin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba kowane kututture ne ya kamata a tumɓuke ba. Tumɓuke kututture shi ne aiki mafi tsada a sharar gona. Idan da fartanya za ka yi noma, kewaye shi. Idan da garmar shanu ne, cire waɗanda suke kan layin garma kawai, gama ɓoyayyen kututture yana karya garma, yana kuma raunata sa.

Darasi daga Maraɗi: sassaben zamani

A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, manoma sun saba share gona ƙal, har ana ganin mai barin toho a gonarsa malalaci ne. Iska ta riƙa binne shuka da yashi, mata suna tafiya mai nisa neman itace. An dasa itatuwa da yawa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun dā, saiwoyinsu suna da rai cikin ƙasa. Ba a bukatar dashe, gyara kawai ake bukata.

Lokacin yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, manoma da yawa suka sare itatuwan, amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani: itacen girki, abincin dabbobi, da raguwar iska. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Bayan kimanin shekara 20, masu bincike da suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 na gonakin Nijar. Manoman can suna kiran wannan hanya sassaben zamani.

Ga yadda ake yi. Ka zaɓi kututturen itace mai amfani. Cikin tohonsa ka bar uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan gefe har zuwa rabin tsawonsu. Ka yi aiki da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya tsage. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa. Kowace shekara kana iya sare sanda ɗaya domin itace ko gini, sauran suna girma. A Maraɗi an fara da kimanin kututture 40 a hekta guda.

Ƙasarmu ta fi Maraɗi ruwa, itace yana saurin girma, saboda haka damuwarmu inuwa ce. Sai mu ba da tazara, mu yawaita sassabe rassa kafin shuka, mu kuma fifita itatuwan da suke biyan kuɗin wurin da suka tsaya: kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, kuka, ɗinya, da gawo inda yake. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya sare babbar kaɗanya domin buhunan gawayi kaɗan ya sayar da man da matarsa da 'ya'yansa mata za su yi shekaru suna samu. Haka ɗorawa da kalwarta.

Hanya ta uku: maganin feshi

Maganin ciyawa ya shiga ko'ina domin yana rage wahala. Amma a sani, ciyawa yake kashewa, ba ya share daji. Gonar da take da itatuwa da toho sai an bi ta da adda tukuna.

Iri biyu ne aka fi sani. Na ɗaya shi ne mai sinadarin gilaifoset, irin su Roundup. Yana shiga ta ɗanyen ganye ya gangara har saiwa, shi ya sa yake aiki a kan tofa. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga ciyawa ta mutu. Ba ya aiki a kan busasshiyar ciyawa. Sai an yanke tsohuwar, an yi ruwa, sabuwa ta fito kore tana girma, sa'an nan a fesa. A haɗa shi da ruwa mai tsabta, gama ruwa mai laka yana kashe ƙarfinsa, kuma kada a fesa idan hadari ya haɗu.

Na biyu shi ne mai sinadarin farakwat, irin su Gramoxone, mai ƙona ganye cikin kwana ɗaya ko biyu. Saman ciyawa kawai yake ƙonawa, tofa ta sake fitowa. Dafi ne mai tsanani: kurɓi kaɗan yana kashe mutum, kuma ba shi da makari. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da hana shi a Nijeriya daga farkon 2024. Idan ka gan shi a kasuwa, ka bar shi a can. Ka karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalba, ko ka sa wani ya karanta maka.

Kowane irin magani ne, a bi awon da aka rubuta. A sa riga mai dogon hannu, da wando, da takalmi, da safar hannu, a rufe hanci da baki. Kada a ba yaro ko mace mai ciki injin feshi. Kada a hura bakin injin da baki idan ya toshe. Kada a wanke injin a rafi ko kusa da rijiya. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma gida a zuba mata mai ko ruwan sha. A tuna kuma, feshin dukan gona yana kashe rama da lalo da sauran ganyen miya da suke fitowa da kansu.

Hanya ta huɗu: katafila da tarakta

Katafila tana yin aikin wata guda cikin yini. Amma ba ta san kaɗanya ba, ba ta san iyaka ba. Wuƙarta tana kankare baƙar ƙasa ta tura ta tare da kututture zuwa gefe, ta bar maka jar ƙasa. Nauyinta yana danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, masanin ƙasa Rattan Lal da abokan aikinsa sun gwada hanyoyin share daji a shekarun 1970 da 1980. Sun tarar cewa inda aka ture itatuwa aka kuma tsefe saiwoyi da inji, zaizayar ƙasa ta ninka ta wurin da aka share da hannu sau da yawa. Idan haka ya faru a can, ina ga gangaren duwatsunmu?

Katafila ta dace da wurin gini, da hanya, da madatsar ruwa. Idan ƙungiya ta ga lalle sai ta yi amfani da ita a babban fili mai shimfiɗa, a yi da rani lokacin da ƙasa ta bushe, a sa wa itatuwa alama, direba ya ɗaga wuƙa kada ta shiga ƙasa, mai gona kuma ya tsaya a wurin daga fari har ƙarshe. A yi yarjejeniya a rubuce game da kuɗin mai da sa'o'in aiki. Tarakta kuwa ta huɗa ce, ba ta shara ba. Sai an cire kututture take shiga.

To, wace za a zaɓa?

Yawancin gonaki suna bukatar haɗa hanyoyi biyu ko uku.

Saurar shekara ɗaya ko biyu, mai ciyawa kawai: a yanke, a kwashe gamba, a bar sauran ya rufe ƙasa.

Saurar shekara uku zuwa biyar, mai toho da yawa: adda da sassaben zamani, a ƙona ƙaya kaɗai a tsibi.

Wurin da tofa ta kama: kada a ƙona. A yanke, a jira sabon tsiro, a fesa mai bin saiwa a wurin kaɗai. Wanda ba shi da kuɗin magani ya kafce da rani ya fito da jijiyoyin rana ta busar da su. Bayan haka a shuka wake ko gyaɗa da kauri, gama tofa ba ta son inuwa.

Gangare mai tsanani da bakin rafi: a bar su da itatuwansu da ciyawarsu.

Babbar gona, hannu kaɗan: a raba ta kashi uku, a share kashi ɗaya bana, sauran su ci gaba da hutawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wajen lissafi kuwa, kada ka tsaya a kan kuɗin yau. Ka ƙara da kuɗin takin da za ka saya shekara uku masu zuwa idan ƙasar ta mutu, da itacen girki, da man kaɗanya da daddawar da gidanka zai koma saye. Mai bukatar ƙarin shawara ya nemi malamin gona na hukumar KARDA a yankinsa. Muna kuma da Jami'ar Noma ta Tarayya a nan Zuru, wadda aka kafa a 2020.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Waɗanne itatuwa ne iyayenmu ba sa sarewa a gona, kuma me ya sa? Nawa suka rage?

2. Gobarar daji nawa aka yi a ƙauyenmu bara? Me ya tashe ta, wa ya yi hasara?

3. Gonakin waɗanne gwauraye da tsofaffi ne suke bukatar gayya kafin ruwa ya sauka?

4. Wace doka za mu yi tare da makiyaya da masu farauta domin a kiyaye tohon da aka bari?

5. Wa zai ba da gefen gonarsa a gwada sassaben zamani bana, domin kowa ya gani da idonsa?

Ku tattauna waɗannan a taron maza, da zumuntar mata, da na matasa, ku aiko mana da abin da kuka yanke domin waɗansu ƙauyuka su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.